Inkiyoyin su Batman da Spider-Man: wa ya raɗa su, kuma me ya sa ake yi wa babba mai karanta komik kallon yaro?

Mai_Tawada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya biyu gare ni. Masu karanta komik, wato littattafan labari cikin zane, na kamfanonin Marvel da DC ba kasafai suke kiran jarumi da cikakken sunansa ba, sai dai ka ji Spidey, Supes, Bats, Shellhead. Kamfanonin ne suka raɗa waɗannan inkiyoyi ko masu karatu? Akwai wadda idan ka faɗe ta ba daidai ba za a gane sabon shiga ne kai? Ta biyu, me ya sa har gobe in an ga magidanci riƙe da littafin zane sai a ce ya koma yarinta, alhali wasu an rubuta a bangonsu cewa ba na yara ba ne? Hujja nake nema, ba "a ganina" ba.

Dogon_Alkalami:
Wa alaikumus salam, Malam. Inkiyoyin nan ba daga tukunya ɗaya suka fito ba, shi ya sa suke rikita mutane.

Akwai waɗanda kirari ne tsantsa, marubutan kamfani suka ƙirƙire su don kada a yi ta maimaita suna ɗaya a akwatin bayani na kowane shafi. Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fitar a 1938, shi ne Man of Steel, mutumin ƙarfe. Batman ya fito a 1939, kuma tun 1940 ake masa kirari da Dark Knight. Flash shi ne Scarlet Speedster saboda jan kayansa da gudunsa. Daredevil kuwa Man Without Fear. Irin waɗannan a rubuce suka fi dacewa. In ka yi ta jefa su cikin hira, za ka yi kama da maroƙi a taron da ba a gayyace shi ba.

Sai sunayen tsokana da jaruman ke yi wa junansu a cikin labari. Yawancinsu daga zamanin marubuci kuma edita Stan Lee ne a Marvel, shekarun 1960. Dubi yadda aka ƙera su, duk a kan abin da ke kan jarumin: Iron Man Shellhead saboda kwalkwalinsa, Daredevil Hornhead saboda ƙahonni biyu, Captain America Winghead saboda fukafukan da ke gefen hularsa, Spider-Man Webhead saboda zanen saƙar gizo. Thor ana ce masa Goldilocks, sunan wata yarinya mai gashin zinariya a tatsuniyar Turawa, don a zolayi dogon gashinsa. Lee har ma'aikatansa bai bari ba, a shafin sunaye yake rubuta Jack "King" Kirby da "Jazzy" John Romita. Dabara ce ta kasuwa: mai karatu ya ji kamar shi ma ɗan gida ne. Wani lokaci ma zagi ne ya rikiɗe. Big Red Cheese, maƙiyinsa Dakta Sivana ne yake jifan tsohon Captain Marvel da shi, masoya suka karɓe suka mayar da shi sunan ƙauna.

Na ƙarshe gajartawa ce kawai: Supes, Bats, Wondy (Wonder Woman), Wolvie (Wolverine), Cap. Waɗannan su ne na hira.

Inda sabon shiga ke tona kansa kuwa ba a inkiya ba ne, a nan ne:

In ka ce Cap kawai, Captain America ake fahimta, ba Captain Marvel ba. Shi Captain Marvel ɗin ma sai ka bambance wanne. Na kamfanin Fawcett ya fito a 1940, DC ta kai su kotu cewa kwaikwayon Superman ne, Fawcett ta daina buga shi a 1953. A 1967 Marvel ta fitar da nata Captain Marvel ta riƙe sunan a matsayin alamar kasuwanci. Da DC ta dawo da tsohon a farkon shekarun 1970, dole ta sa wa littafin suna Shazam. Carol Danvers da aka gani a fim ta ɗauki sunan ne a 2012.

Haka nan Robin, mataimakin Batman, da Flash. Mutum fiye da ɗaya ya sa kayan, don haka tsofaffin masu karatu sunan yanka suke kira: Dick, Jason, Tim, Damian ga Robin, Jay, Barry, Wally ga Flash. Kuma a rubutu, Spider-Man yana da ƙaramin layi a tsakiya, Batman da Superman ba su da shi. Ƙaramin abu ne, amma akwai masu tsayawa a kansa.

Hajiyar_Laburare:
Ɗan'uwa Dogon_Alkalami ya gama da ta farko, bari in ɗauki ta biyu, don tana da tarihi takamaimai, kuma tarihin Amurka ne.

Ba haka aka fara ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka na cikin manyan masu karanta komik. Bayan yaƙin, labaran soyayya da na masu aikata laifi da na ban tsoro suka cika kasuwa, da yawansu manya aka yi wa. Abin ya juya a 1954. A shekarar wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent yana ɗora wa komik laifin lalacewar yara, kuma wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama a kan batun. Kafin gwamnati ta sa doka, kamfanonin suka kafa tasu hukumar tacewa, Comics Code Authority. Sharuɗɗanta masu tsauri ne: dole alheri ya yi nasara a ƙarshen kowane labari, ba a nuna ɗan sanda ko alƙali ta hanyar da za ta jawo raini, ba matattu masu tafiya, ba masu shan jini, an ma hana sa wasu kalmomin tsoratarwa a sunan littafi. Wanda bai samu hatimin hukumar a bangonsa ba, masu rarrabawa sukan ƙi ɗauka. Kamfanin EC ya rufe littattafansa na ban tsoro. To, in ka cire duk abin da babba zai nema, me ya rage? Kayan yara. Shekara da shekaru abin da ake gani a kanti ke nan, sai mutane suka ɗauka haka abin yake tun asali.

Shirin talabijin na Batman na 1966, wanda Adam West ya fito, ya ƙara danne hoton a zukatan jama'a, da barkwancinsa da rubutun duka da ke tsalle a fuskar allo. A 2012 wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta nuna ya sassauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su, amma lokacin ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Sassauci ya fara a 1971. Wata ma'aikatar gwamnatin Amurka mai kula da lafiya da ilimi ta nemi Stan Lee ya yi labari kan illar ƙwaya, hukumar ta ƙi ba da hatimi, Marvel ta buga Amazing Spider-Man fitowa ta 96 zuwa 98 ba tare da shi ba. A shekarar aka sassauta sharuɗɗan. A 1986 The Dark Knight Returns da Watchmen suka fito, a 1992 Maus na Art Spiegelman, labarin mahaifinsa a sansanin 'yan Nazi, ya samu lambar Pulitzer. Marvel ta bar hukumar a 2001, DC ta bi a 2011, daga nan ta mutu.

Abin da ke nuna maka matsalar ba a zanen take ba: a Faransa da Beljiyam babba ya karanta littafin zane ba abin magana ba ne, garin Angoulême na Faransa ya fara bikin littattafan zane a 1974. A Japan akwai rukunin manga, wato komik ɗinsu, da aka ware wa manyan maza, seinen, da na manyan mata, josei.

Kuma tambayoyinka biyu a nan suka haɗu. Kamfanoni da kansu suna raba kasuwa da inkiya. Da Marvel za ta yi wa yara masu koyon karatu littafi a 1974, Spidey Super Stories ta kira shi. Da DC za ta nemi manya a 1986, kirarin Dark Knight ta ɗora a bango. Don haka wanda ba ya karatu, in ya ji ƙato yana cewa Spidey, sunan da ya sani a akwatin abincin yara ya ji.

Ganau_Ba_Jiyau:
Hajiya, ban ƙi hujjarki ba, amma a wajenmu ba na jin Wertham ne sila. Yawancin mutanenmu ba ta littafi suka san su Batman ba, ta katun na talabijin ne, kuma duk zane mai motsi ko maras motsi katun ake ce masa. Ita kuwa inkiya ba alamar yarinta ba ce ko kaɗan a al'adarmu. 'Yan kallon finafinan Indiya a Kano su suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, kuma magidanta ne, ba wanda ya ce sun koma yara.

Mai_Tawada:
Na gode ƙwarai. To a aikace, ta yaya zan gane na manya daga na yara kafin in saya? Kada a ɗauko wa yaro abin da bai kamata ba saboda an ga hoton Batman.

Dogon_Alkalami:
Wannan ne ma haɗarin gaske, ya fi na a yi maka dariya. Kada ka dogara da jarumin da ke bango, duba kusa da layukan lambar farashi. A Marvel, All Ages na kowa ne, T da T+ na matasa, Parental Advisory yana nufin iyaye su duba tukuna, MAX kuwa, wanda aka fara a 2001, na manya ne zalla. A DC, in ka ga Black Label, na ɗan shekara 17 zuwa sama ne, an fara shi a 2018. Tsofaffi masu tambarin Vertigo, daga 1993, su ma na manya ne. In littafin tsoho ne mai ɗan hatimin Comics Code a saman bango ta dama, galibi ba matsala ga yaro.

Kuskure na biyu shi ne sayen fitowa ɗaya tilo. Ƙwaya ɗaya galibi ba ta wuce shafi 20 zuwa 22 na labari, kuma yawanci kashi ne cikin biyar ko shida, sai ka tsinci kanka a tsakiyar magana. Nemi wanda aka haɗa a kundi guda, ka duba bayan bango, a nan ake rubuta lambobin fitowar da ke ciki. Ka kuma lura da shekara, domin kamfanonin sukan sake fara ƙirga daga 1. Batman lamba 1 akwai na 1940, akwai na 2011, akwai na 2016, kuma labaransu ba ɗaya ba ne. In za ka nema a intanet, sa sunan littafi da shekara da sunan marubuci. In inkiya ka rubuta, Dark Knight kaɗai zai kawo maka fim ɗin 2008, da littafin 1986, da wasu jeri daban-daban masu irin sunan, duk a cakuɗe.