Neman kalmar Hausa: me za mu kira cleric da order a wasan almara?

Jama'a masu Hausa a baka ku matso kusa, akwai aiki. Kalmomi biyu ne suka tsaya min a maƙogwaro wajen juya dokokin wasan almara na kan tebur zuwa Hausa, irin su Dungeons & Dragons ɗin nan, wato cleric, jarumin da ke yi wa abin bauta hidima, da kuma order, tsararriyar jama'ar da irinsa suke ciki, kuma duk wanda aka tambaya sai ya jefo liman da ɗariƙa ya kama gabansa kamar an gama magana. Wlh ba a gama ba. Wasu da na tambaya sun kawo wasu kalmomin da ƙorafe-ƙorafe, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Saboda waɗanda ba su san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, mutum ɗaya kuma shi ke riƙe da labarin da duniyar baki ɗaya, shi wannan madugu nake ce masa tunda shi ne uban tafiya, kuma har yanzu ba wanda ya ja da ni a kansa. In jaruminka zai yi abu mai haɗari sai ka jefa dayis, irin na lido amma wanda aka fi ji da shi fuska 20 gare shi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kuma a bugun farkon nan jarumai iri uku ne kacal, mayaƙi da mai sihiri sai cleric ɗin da muke magana.

To shi cleric mutum ne mai sulke, yana shiga yaƙi da gulma don a dokokin farko an hana shi makami mai kaifi, yana warkar da raunin abokan tafiya, yana korar gawarwakin nan masu tashi suna yawo. Amma abin da ya kamata a riƙe shi ne ƙarfin nan duk na aro ne. Mai sihiri karatu ya yi ya samu nasa, shi kuwa cleric wani abin bauta na cikin labarin ne yake ba shi, ya bi doka a ci gaba da ba shi, ya saɓa madugu na iya ƙwacewa. Duk kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauko wannan alaƙar, ta mai bayarwa da mai karɓa.

Liman dai ku cire shi tun yanzu. Liman jan sallah yake, ba wanda yake ba shi wuta ya harba, kuma ka yi tunanin zaune a tebur wani ya ce "limamina ya doki ƙwarangwal da gulma", za a yi dariya sannan wani ya ɓata rai, kuma da gaskiyarsa. Malam ma haka, ga shi ya yi faɗi da yawa. Wata baiwar Allah ta kawo firist, tace ai shi ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, haka ne yaya, amma matsalar ɗaya ce da ta liman, kalma ce da masu ita suke amfani da ita a ibadarsu yau ɗin nan, ba mu da dalilin jawo ta cikin wasan dodanni.

Su kansu masu wasan sai da suka taka wannan ƙayar. A bugun 1974 kowane mataki na cleric da laƙabinsa, kana hawa za ka zama bishop, mataki na gaba ka zama lama, wato daga coci ka yi tsalle ka faɗa addinin Buddha na Tibet a hawa ɗaya, ba wanda ya ce uffan. A 1980 suka fitar da littafi guda na ababen bauta har da na Hindu waɗanda miliyoyin mutane ke bautawa, kowanne an rubuta masa adadin dukan da zai sha kafin ya faɗi. Ga kuma ƙurar da ta tashi a Amurka a shekarun 1980, iyaye da masu wa'azi na cewa wasan bautar shaiɗan ne, har ta kai a bugu na biyu na 1989 aka cire sunayen demon da devil, wato miyagun aljanu da shaiɗanu, daga baya aka dawo da halittun da sunayen ƙirƙira, tanar'ri da baatezu, laƙaban matakan nan ma aka watsar. Mu da muke farawa yanzu me zai kai mu ramin da muka ga wasu sun faɗa?

Sai ɓangaren su boka da matsafi. Ɗan uwa da ya ce boka, na gane inda ka dosa, amma boka sana'a yake, ka je ka biya ya yi maka aiki, ba shi da wata rundunar da yake ciki ko dokar da ya yi rantsuwa a kai, kuma a kunnen Bahaushen yau da ka ce boka an riga an yanke masa hukunci. Cleric kuwa sau tari shi ne mutumin kirkin tawagar, shi ke ɗaure wa kowa rauni. Matsafi ya fi dacewa da mugun da za a je a yaƙa a ƙarshen labari. A ajiye shi can, zai yi rana.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne hadimi, mace hadima, jam'i hadimai. Asalinta Larabci ce, mai hidima, amma ta zauna daram a bakinmu, kullum jarida na cewa hadimin gwamna ya ce kaza, kuma kowa ya san hadimi ba shi da iko na kansa, ikon maigidansa yake tafe da shi, yau ana buɗe masa ƙofa gobe an sallame shi ko gaisuwarsa ba a amsawa. Ai cleric kenan. Bara ma ta yi kusa amma tana rikicewa da bara ta roƙo da bara ta shekarar da ta wuce in an rubuta, bawa kuma nauyinta ya yi yawa.

Yanzu order, inda rigimar take. Ɗariƙa a ma'ana ta dace tsaf, hanya ce, da shugaba da mabiya da ƙa'idoji, har ɗariƙar Katolika ana cewa a rediyo. Amma ka rubuta "ɗariƙar macijin dare" ka saka a intanet ka ga abin da zai biyo baya kafin la'asar. Ƙungiya kuma ta yi sanyi, sai ka ji kamar za a zaɓi ma'aji da sakatare. Runduna ta yi wa masu yaƙi kaɗai, irin mayaƙan Haikali da aka kafa a Ƙudus wajen 1119 Paparoma ya rushe su a 1312, waɗanda irinsu ne ake kwaikwaya in ana ƙirƙirar order ta mayaƙa, to amma masu jinya da masu ajiye littattafai fa, su ma runduna ne?

Shawarata ɗaki. E, ɗaki dai da kuka sani. Ku saurara kafin ku yi min ca. Muna da uban ɗaki da uwar ɗaki, wanda kake ƙarƙashin inuwarsa yana ɗauke maka nauyi kana masa biyayya. Muna da ɗan ɗakin wane. Sannan a gida guda ana cewa 'yan ɗakin wance da 'yan ɗakin wance, uba ɗaya amma kowane ɗaki da halinsa da 'yar gasarsa. Wannan shi ne ainihin abin da mai ƙirƙirar duniya yake nema, abin bauta guda, ɗakuna uku ko huɗu a ƙarƙashinsa, kowanne na ganin shi ya fi fahimtar abin da ake so. Kuma ta warware mana wata matsalar da ban ma kawo ba, ta deity. A littafin doka a rubuta abin bauta, shikenan, ba sai an ce alloli ba wanda mutane da dama ba sa son furtawa a wasa, gunki kuma sassaƙen ne kawai, shi ko na cikin labarin nan yana magana yana fushi. Amma a bakin jarumi cikin wasa sai ya ce uwar ɗakina ta hana ni, uban ɗakina ya aiko ni. Ku faɗa a bakinku ku ji yadda ta zauna.

Bari mu gwada da misali don kalma sai an ɗora mata kaya ake sanin ƙarfinta. Na ƙirƙiri wata, Uwar Mashigi. Huruminta, af, hurumi nake ba domain, wato fannin da abin bauta ke iko da shi, irin su rai da haske da yaƙi da ilimi da ke cikin bugu na biyar na 2014, don muna cewa wannan ba huruminka ba ne, to huruminta duk wani ƙetarewa ne, kogi, iyaka, haihuwa, mutuwa. Dokarta ɗaya tak, ba a mayar da mai son ƙetarewa baya.

Ɗakin farko Masu Fito, talakawa ne futuk, kowane hadimi da kwalekwalensa da sandar tuƙi wadda ita ce makaminsa ita ce kuma tambarinsa, ba sa karɓar ko sisi kuma ba sa tambayar sunan fasinja. Kun ga inda wasa zai yi daɗi ai, ranar da wanda ya kashe ƙanin hadima ya iso bakin ruwa da gudu dakaru na bin sa ya ce ƙetarar da ni, ta ɗauke shi ko ta bar shi? In ta bar shi ta rasa ikon warkarwa ga abokiyar tafiyarta kwance jina-jina, in ta ɗauke shi kuma ta san abin da ta ɗauka. Madugu ba sai ya ƙirƙiro wani dodo ba a daren nan, dokar ɗakin kaɗai ta isa ta riƙe tebur awa biyu.

Na biyu Ɗakin Gada, su magina ne masu kuɗi, hujjarsu ita ce gada ɗaya tana ƙetarar da dubu a yinin da kwalekwale zai ɗauki hamsin, saboda haka kuɗin shiga da suke karɓa hidima ce, da shi ake gina ta gaba. Masu Fito na ce musu 'yan kasuwa, su kuma suna ce wa Masu Fito masu taurin kai da ke nutsar da mutane duk damina. Abin da ke ƙona wa kowa rai shi ne uwar ɗakin ba ta janye ikonta daga ko ɗaya ba, duka biyun suna warkarwa, kenan ba wanda zai iya cewa ɗan uwansa ɓatacce ne. In kana ƙirƙirar ɗakuna ka riƙe wannan dabarar, kar abin bautar ya fito ya raba gardama, yana rabawa labari ya mutu.

Na uku 'yan aware ne, 'Yan Gaɓar Can, su sun ce ƙetarewa ta gaskiya guda ce, mutuwa, kuma taimaka wa mutum ya ƙetara da wuri alheri ne. Su ne miyagun. Ba sai na ja ba.

Su kuma worshippers, wato masu bauta na gama-gari, waɗanda ba su da wani iko, mabiya ta ishe su. Mabauta daidai ce a nahawu amma ta yi nauyi a baki. Kuma kar a manta da su don su ke sa duniya ta yi kama da duniya: fatake masu jefa tsakuwa a ruwa kafin su shiga, ungozoma da ke kiran sunanta in haihuwa ta zo da gardama, 'yan fasa-ƙwauri da suka mayar da ita tasu don ai iyaka ma mashigi ce, har da sojan da ya gudu daga fagen daga. Yawancinsu ba su san ma akwai rigima tsakanin ɗakunan ba, wanda ya fi kusa da su shi suke zuwa wa.

Paladin, wani nau'in jarumi mayaƙi a wasan, bai ba ni wahala ba ko kaɗan, barde, jam'i barade. Ita kalmar tasu ma daga Latin take, ma'aikacin fada, aka laƙaba wa jaruman sarki Sharlaman su 12 a labaran Faransa, ta shigo wasan a 1975. Mayaƙin fada a kan doki, me ya rage? Baraden Ɗakin Gada masu gadin mashigai, ta zauna.

Na ga ƙorafi biyu masu ma'ana. Wani malam ya ce ɗan ɗaki ai yana nufin ƙaramin ɗaki, "ɗan ɗakin Uwar Mashigi ya faɗa ruwa" sai a zaci gini ne ya rufta. Allah ya ja da ran malam, shi ya sa ban ba cleric ɗan ɗaki ba na ba shi hadimi, 'yan ɗaki a jam'i kuwa ba ta da wannan ruɗanin. Na biyun ya fi ƙarfi, cewa a bugu na biyar akwai warlock, wani nau'in mai sihiri, wanda shi ma yana da patron, wato mai ba shi ƙarfi, kuma uban ɗaki ta fi kama da wannan. Gsky ne ta yi kama. Sai dai shi warlock ciniki ya ƙulla, ba ni ƙarfi in yi maka aiki, ba ƙauna ba biyayyar zuci, ni ɗan jinga zan kira shi, wanda ya ba shi aikin kuma mai jinga, a bar wa hadimi uban ɗakinsa. Wanda ke da wadda ta fi ɗan jinga ya kawo, ban rantse a kanta ba.

Wadda har yanzu ban samu ba ita ce temple, wato ginin da ake bauta a ciki. Haikali ta koma layin firist, ɗakin tsafi ta koma layin matsafi, ɗaki kuma na riga na kashe ta a order, in na sake amfani da ita za a rasa gane gini ake nufi ko mutane. Wurin bauta tana aiki amma ba ta da armashi, ba jarumin da zai ce mu haɗu a wurin bauta da tsakar dare a ji tsikar jiki ta tashi. Wani ya ce zaure, ina juya ta, Zauren Masu Fito ba laifi a kunne, amma ginin Ɗakin Gada mai hawa bakwai a tsakiyar kogi fa, shi ma zaure za mu ce?