Harafin da ke bayan lasisinka: wace mota ya halatta maka?

Mai buɗe zance:
Jama'a, kowa ya kawo abin da ya same shi kan rukunin lasisi, bari in fara. Na je hayar motar kaya zan tashi daga gida, mai motar ya juya bayan lasisina ya ce B gare ni, wannan ba tawa ba ce. Na ce ai katifu ne da kujeru, ko tan ɗaya ba su kai ba. Sai ya buɗe ƙofar direba, ya goge ƙura da babban yatsa daga wani ɗan allon ƙarfe, ya ce in karanta. Ashe nauyin da aka yarje wa motar da cikakken lodi ake dubawa, ko da fanko take tafiya. B kuwa, a tsarin ƙasa da ƙasa, iyakarta kilo 3,500.

Tsohon direba:
Ɗana, gaskiya ya gaya maka. Abin da ya haura nan sai C. Ni na daɗe da C a hannu, amma ranar da aka ɗaura min tirela na gane dalilin da ya sa ake neman CE daban. Ka sa ribas, ka karya sitiyari hagu, wutsiyar ta nufi dama. Ga birkin iska, ga kwanar da sai ka buɗe sosai kafin ka shiga, in ba haka ba tayoyin baya su hau bakin titi inda mutane suke tsaye. Raina yana ɓaci in na ga yaro ya hau irin wannan mota don kawai ya iya ƙarama. Ƙaramar tirela da ba ta wuce kilo 750 ba dai, B ma tana ja.

Malamar makaranta:
Baba, ni kujeru ne suka tsayar da ni. Za mu kai ɗalibai ziyara, bas ɗin ƙarama, na ɗauka zan iya. Shugabarmu ta ƙirga kujerun ta ce B takwas ce ban da ta direba, abin da ya wuce haka rukunin D ne. Sai da muka nemo direba.

Sabuwar direba:
Ni a Ingila na yi gwaji da atomatik don ya fi sauƙi, lasisin ya fito da sharaɗin atomatik kaɗai. Yanzu ina koyon kuloci daga farko, zan sake gwaji.

Mai babur:
Yaya mai buɗe zance, a ƙara da cewa haruffan ba ɗaya suke ko'ina ba. A tsarin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zirga-zirgar ababen hawa da aka yi a birnin Biyana (Vienna) a 1968, A babur ne. Da na nuna wa wani abokina direba a Amurka A ɗina, sai ya zaci tirela nake ja, domin a lasisinsu na kasuwanci A ta masu tirela ce.