Wai mutuwar ɗan Kanadan nan ce ta kashe The Simpsons, ko dama can ya gaji?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan gida. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna kallon katun ɗin barkwanci na manya ne, ba irin na yara ba. Watannin nan da nake zaune a gida ina jinyar ƙafa na ɗauko The Simpsons tun daga zango na 1, wanda aka fara a Disambar 1989, kullum bayan isha'i sai na kalli kashi uku ko huɗu a waya. Wallahi daga zango na 3 zuwa na 8 akwai daren da maƙwabcina ya bugo bango yana tambayar ko lafiya, tsabar dariya. Amma ina shiga na 10 da na 11 sai na ji abin ya koma lami, kamar miyar da aka tsuga wa ruwa saboda an yi baƙi, kalar tana nan amma ɗanɗanon ya gudu.

Sai na lura mutum biyu sun ɓace ba sallama. Lauyan nan Lionel Hutz mai ofis a cikin shagunan kasuwa, wanda shi kansa ya fi wanda yake karewa buƙatar lauya, da Troy McClure, tsohon jarumin da tauraronsa ya dishe, kullum sai ya fara da lissafo maka fina-finan da za ka tuna shi da su alhali ba wanda ya taɓa jin sunansu. Da na bincika ashe mutum ɗaya ne ke yi musu murya, Phil Hartman, haifaffen Brantford a jihar Ontario ta Kanada, matarsa ce ta harbe shi a gidansu a Los Angeles a watan Mayun 1998. Masu shirin suka ƙi ba wa kowa muryoyin, suka ajiye su gaba ɗaya. To shine nake tambaya, rashinsa ne ya karya shirin ko kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

Malam Sabo KD:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi ƙanina. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kai da bakinka ka faɗa. Hartman gwani ne ba musu, shi ne ma ya yi muryar ɗan damfarar da ya sayar wa garin jirgin ƙasa mai layi ɗaya a 1993, amma ka duba waye ya rubuta wannan kashin, Conan O'Brien ne, kuma a shekarar ya tattara ya tafi ya karɓi shirin hira na dare a NBC. Greg Daniels ya fita ya je suka yi King of the Hill a 1997, Brad Bird ya koma harkar fim, shi kansa Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro shirin, hankalinsa ya koma kan Futurama da ta fito a 1999, ya kuma ja David Cohen suka tafi tare. To gida ne ana ta zare masa azara ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya rufta sai a ce ruwan jiya ne.

In kana son ganin tsagewar bangon, koma farkon zango na 9, a 1997, kashin da aka wayi gari aka ce wai hedimasta Skinner ba shi ne Skinner na ainihi ba, sojan gona ne. Shekara takwas kana tare da mutum da uwarsa sai a ce maka duk ƙarya ne, a ƙarshe kuma alƙali ya hana kowa sake tayar da maganar. Lokacin Hartman na raye da lafiyarsa. Har Harry Shearer mai yin muryar Skinner ɗin bai ɓoye cewa abin bai yi masa ba.

Maman Hanan (Winnipeg):
Malam Sabo na yarda da kai rabi. Marubuta sun watse kam, amma kar ka raina abin da mai murya ke jawowa. Marubuci in ya san akwai wanda zai iya fitar da rainin wayo da murya mai santsi kamar ta mai karanta talla a rediyo, to zai rubuta masa ne musamman. Da aka rasa Hartman duk inda ake buƙatar maƙaryaci mai fara'a sai a kira wani tauraro ya zo ya yi kansa da kansa, Homer, uban gidan a shirin, ya ce la ga wane, shikenan wai an yi barkwanci. Har Justin Bieber, shi ma ɗan Ontario, sun leƙo da shi a 2013 na 'yan daƙiƙu.

Ni abin da ya ban mamaki da na zo ƙasar nan shine yadda suke ƙirga 'yan barkwancinsu kamar yadda muke ƙirga 'yan ƙwallonmu na Turai. Abokiyar aikina a asibiti in muna hutun cin abinci sai ta kama lissafi da yatsu, Jim Carrey namu ne, Mike Myers namu ne, John Candy, Martin Short, Catherine O'Hara, Norm Macdonald, har Lorne Michaels da ya kafa shirin barkwanci na Saturday Night Live a 1975 ɗan Toronto ne. Na ce mata to ai Hartman yana ɗan shekara 10 iyayensa suka ƙaura Amurka, ta ce ko yana zanin goyo ne namu ne. Ta ƙara min da cewa mahaifin Groening, wanda aka ɗauko sunan Homer daga gare shi, a Saskatchewan aka haife shi, na duba kuma haka ne.

Amma ga inda hujjar Ɗan Fagge ke tangal-tangal. 'Yan Kanada ba su bar shirin ba bayan 1998, ƙaruwa ma suka yi a ɗakin rubutu. Joel Cohen ɗan Calgary da Tim Long duk a shekarun da ake cewa shirin ya lalace suka yi aikinsu, Seth Rogen da abokinsa Evan Goldberg 'yan Vancouver su suka rubuta kashin buɗe zango na 21 a 2009. Har kashi guda aka yi kan Kanada a 2019 wanda ya ɓata wa mutanen Newfoundland rai. Kenan ba fasfo ba ne matsalar.

Abin da na fi yaba musu a nasu na gida shine sun iya tashi tun tabarma ba ta naɗe da su ba. Corner Gas zango 6 aka yi, Brent Butt ya rufe a 2009 mutane na tsaka da so. Schitt's Creek ma 6, Dan Levy da babansa Eugene suka tsayar a 2020 kuma a shekarar suka kwashe kyaututtukan Emmy na ɓangaren barkwanci.

Baban Khalifa:
Hajiya ai su mutane ne, suna tsufa, kyamara na nunawa. Katun ba ya furfura, nan ne duk bala'in yake. Bart ɗan Homer shekararsa 10 a 1989, yau ma 10, da mutum ne da yanzu ya haura arba'in da biyar yana fama da kuɗin makarantar yara. A farko an nuna Homer da matarsa Marge sun haɗu a sakandare a 1974, a 2008 aka dawo aka ce samartakarsu a shekarun 1990 suka yi, kenan wanda ya fara kallo yana sa'an Bart yanzu ya girmi Homer. Labari nawa za ka bayar kan iyalin da ba a yarda komai nasu ya canja ba? Aure ya kusa mutuwa an shirya, an kori Homer daga aiki an mayar da shi, sau nawa?

Sannan kuɗi. A 2008 manyan masu muryar sun kai dala dubu 400 kowane kashi, da aka rage a 2011 ma wajen dubu 300 aka tsaya. Disney ta sayi kamfanin Fox mai shirya shi a 2019, a 2025 kuma aka sabunta har zuwa zango na 40. Wa zai yanka saniyar da ake tatsa? Katun ɗin Family Guy ma an soke shi a 2002, cinikin faifan DVD ya dawo da shi a 2005, a 2013 suka kashe karen nan Brian don a yi surutu, ko wata ba a yi ba suka dawo da shi.

Maganar Hartman kuma ni Ibro take tuna min, Allah ya jiƙansa. Tun da ya rasu a 2014 an ci gaba da barkwanci, amma akwai irin rawar da aka daina rubutawa kawai don ba mai ɗaukarta.

Abba Z:
Ku yi haƙuri iyayena amma ni fa ina ganin ƙuruciyarku kuke kewa ba shirin ba 😂 Ni da zango na 33 na fara, kuma tun da Matt Selman ya karɓi yawancin ragamar akwai kashi masu kyau sosai. Abin da kawai ke damuna muryar Marge, matar ta haura 70, in tana magana sai ka ji kamar ka miƙa mata ruwan ɗumi. Mai muryar Milhouse abokin Bart ma ta yi ritaya a 2024. Kuma tunda ana maganar Kanada ba wanda ya ambaci South Park, su da suke zana 'yan Kanada da kai a rabe biyu yana faɗi-tashi in suna magana, tun 1997 suke kuma har yanzu suna cizo, don cikin kwana shida suke haɗa kashi, abin da ya faru satin nan shi za ka gani. Simpsons kuwa sai kashi ya yi watanni ana zana shi, kafin ya fito zancen ya yi sanyi.

Malam Sabo KD:
Abba jeka kalli zango na 4 tukuna sannan ka dawo mu yi magana. South Park ɗin ma ai rage yawa suka yi, yanzu in sun yi kashi goma a shekara sun yi da yawa, Simpsons kuwa sun yi shekara da shekaru suna zubo ashirin da 'yan kai.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Maman Hanan kin rusa min hujja da zancen Joel Cohen ɗin nan. Amma jiya na koma kashin da Troy McClure ya auri Selma yayar Marge don a daina yi masa gulma a gari, zango na 7, akwai wurin da ta gane auren na talla ne shi kuma ya amsa mata ba ko kunya, muryar nan tana nan da santsinta amma kana jin tausayinsa a ƙasa, na mayar da wurin baya ya kai sau uku. Abba turo min sunan kashi biyu daga sababbin, likita ya ce sai na ƙara sati uku kafin a cire filasta.