Yaya fasto zai sa albarka a tsakiyar kasuwa?

Sabon Fasto, Wusasa:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa. Wata shida ke nan da naɗa ni, kuma bakina ba ya nauyi a kan bagade, amma shekaranjiya a kasuwar Sabon Gari wata mai sayar da manja, 'yar ikkilisiyarmu, ta roƙe ni in sa wa jarinta albarka, sai na tsaya ina kame-kame, 'yan dako suna gittawa da buhuna. Yaya zan yi irin wannan addu'a ba tare da riya ba, alhali Matiyu 6:5 ta gargaɗe mu game da masu addu'a a bakin hanya?

Dattijo, Samaru:
Ɗana, abin da ayar ta tsawatar shi ne son a gan ka, ba wurin da ka tsaya ba. Ka haddace Littafin Ƙidaya 6:24-26, albarkar da aka umarci Haruna da 'ya'yansa su furta, ka faɗe ta da murya ƙasa-ƙasa, ka ambaci sunan mutumin da buƙatarsa. Minti ɗaya ya wadatar, domin mai ciniki yana jira.

Uwar Zumuntar Mata, Tudun Wada:
Baba Fasto, ku riƙa tambaya tukuna, domin sau da yawa mace takan ce jari, alhali bashi ne ko ɗa marar lafiya ya hana ta barci. Idan kuma maƙwabciyar rumfarta Musulma ce, ku haɗa da ita a gaisuwa. Kuna cewa Allah ya ba da kasuwa za ta amsa da amin.