Wai da gaske rikicin makarantu ne ya tura fastocin Amurka siyasa, ba zubar da ciki ba?

Dan_Tudun_Wada:
Salam jama'a. Jiya muna hira a majalisa wani abokina da yayi karatu a Amurka yake cewa wai turawan nan Kiristoci 'yan bishara da ke bin jam'iyyar Rifablikan kamar raƙumi da akala, asalin abin da ya haɗa kansu ba maganar zubar da ciki bace, wai wariyar launin fata ce. Ni dai ban yarda ba don tunda nake jin labarinsu maganar zubar da ciki suke yi. Masana don Allah a warware mana.

MalamGarba_Tarihi:
Wslm. Abokinka ba da ka yayi magana ba, akwai masanin tarihi Randall Balmer da ya daɗe yana faɗin haka. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe, sai turawan kudu da yawa suka kwashe 'ya'yansu suka buɗe makarantun kuɗi, da dama a ƙarƙashin coci, kuma basa biyan haraji tunda ana ɗaukarsu ba na neman riba ba. Shahararren fasto Jerry Falwell da kansa ya buɗe tasa a garin Lynchburg a 1967, shi da a 1958 yayi wa'azi yana kare wariyar, a 1965 kuma yace ba aikin fasto bane shiga zanga-zanga da siyasa, lokacin da su Martin Luther King ke kan titi kenan fa.

To sai iyayen baƙaƙen yara a Misisifi suka kai ƙara, a 1971 kotu tace duk makarantar da ke wariya ba ta da hurumin a yafe mata haraji. Nan aka taɓa aljihu. Jami'ar Kirista ta Bob Jones ba ta ɗaukar baƙar fata sai 1971, shima sai mai aure, daga baya ta buɗe ƙofa amma ta hana soyayya tsakanin baƙi da fari, hukumar haraji ta ƙwace mata rangwamen a 1976, da aka zo 1978 hukumar ta fito da sabbin sharuɗɗa masu tsauri akan makarantun sai wuta ta kama, wasiƙun ƙorafi suka rinƙa kwarara, ɗan fafutukar masu ra'ayin riƙau Paul Weyrich ya samu abin da ya daɗe yana nema na tara fastoci waje ɗaya, a 1979 aka kafa ƙungiyar siyasar Kiristoci ta Moral Majority da Falwell a gaba, mutumin da yace fasto ba ruwansa da siyasa.

Abin da zai baka mamaki, a 1971 babban taron Baptis na kudu ya yanke shawarar goyon bayan a halatta zubar da ciki a wasu yanayi. Lokacin ana ganin yaƙi da shi harkar 'yan Katolika ce.

Hauwa_Kd:
Malam da girmamawa amma ka ɗan matsa da yawa. Ni Kirista ce kuma nasan ba abu ɗaya ne ya fusata mutanen nan ba, akwai hana addu'a a makarantun gwamnati da kotu tayi a 1962, akwai maganar 'yancin mata da yadda sukaga tarbiyya na lalacewa, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 zubar da cikin ya riga ya zama abin da ke damun talakan coci tsakani da Allah. Wanda ya fito zaɓe saboda jarirai ba zaka ce masa ƙarya yake ba. Kuma babban mai wa'azin bishara Billy Graham tun 1953 ya cire igiyar da ke raba farare da baƙaƙe a wajen wa'azinsa. King ɗin ma ai faston Baptis ne.

MalamGarba_Tarihi:
Haka ne 'yar uwa, bance kowa munafuki bane, kuma akwai masana da ke ganin Balmer ya zuzuta. Amma duba zaɓe mana, a 1980 turawa 'yan bishara suka juya wa shugaba Jimmy Carter baya, mutumin da ke koyarwa a coci ranar Lahadi, suka bi Reagan, gwamnatin Reagan kuma a 1982 ta nemi mayar wa Bob Jones rangwamenta, sai da Kotun Ƙoli ta kayar da jami'ar da ƙuri'ar alƙalai 8 da 1 a 1983. Dokar hana soyayyar nan kuwa sai shekarar 2000 suka cire ta, wlh 2000.

Sani Kumasi:
Ni abin da ke bani haushi labarin Sam Oni ne, ɗan nan Gana. Mishan ɗin Baptis na kudu ne suka shigar dashi addinin a gida, ya tafi jami'arsu ta Mercer a Jojiya a 1963, a 1966 yaje ibada cocin da ke cikin harabar makarantar aka tare shi a bakin ƙofa, faston da ya goyi bayan a bar baƙaƙe su shiga kuma aka sallame shi. Kun ƙetare teku kun kira mutum, yazo gidanku kun kulle ƙofa. Ƙungiyar tasu dama akan kare mallakar bayi aka kafa ta a 1845, sai 1995 suka nemi afuwa.

Dan_Tudun_Wada:
Kai, nagode sosai. Kenan shayin da nayi caca akai na faɗi, ko dai rabi zan biya tunda Anti Hauwa ta ɗan kare ni? Malam, su baƙaƙen masu zuwa coci fa, wa suke zaɓa yanzu?