Ɗakuna na cika amma kuɗi ba ya zama: ta ina otal ke yoyo?

Manajan_Bompai:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar otal ciki da bai. Otal ne mai ɗaki 48 a Kano, hawa uku, da ɗakin taro mai cin mutum 80 da wurin cin abinci. Yawancin baƙinmu 'yan kasuwa ne: masu sayen riɗi da zoɓorodo a Dawanau, masu sarin yadi a Kantin Kwari, sai ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyin da ke zuwa bita. Daga Litinin zuwa Alhamis muna sayar da ɗaki 30 zuwa 34, ƙarshen mako kuma ya sauko ƙasa da 20. A takarda ciniki ba laifi, amma duk ƙarshen wata sai an yi kame-kame kafin a biya albashi da kuɗin gas. Injin janareta ɗaya ne, 250 kVA. Muna kan layin Band A, wato rukunin da aka yi wa alƙawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, amma akwai ranakun da inji kan yi awa 8 yana aiki. Mai otal ya ce a ƙara kuɗin ɗaki, ni kuma ina tsoron baƙi su gudu. Ta ina ya kamata a fara?

Injiniya_Sharaɗa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a taɓa farashi, fara sanin nawa ɗaki ɗaya ke ci maka a dare ɗaya, kuma kaso mafi tsoka a ciki na wuta ne. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, wutar layi ta daina arha. Duk da haka ta fi gas sauƙi nesa ba kusa ba. Lita ɗaya a inji mai lafiya tana ba da yunit 3 zuwa 3 da rabi. Raba kuɗin litar da ka saya jiya gida uku, abin da yunit ɗaya ke tsaya maka ke nan a janareta, ban da baƙin mai da filta da ladan makanike.

Matsalarka ta farko girman injin. 250 kVA kilowat 200 ne. Yi lissafin dare: ɗaki 30, kowane AC mai doki ɗaya da rabi yana jan kamar kilowat 1.2, ka sami 36. Ƙara firji da firizar kicin, fitilun waje, famfon ruwa da risefshan, duka-duka ka kai 50. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na ƙarfinsa. A wannan nauyin zai sha wajen lita 18 a awa, alhali inji mai 100 kVA zai ɗauke shi da lita 15. Lita 3 kamar ba komai, amma a awa 8 kullum ya haura lita 700 a wata.

Ɓarnar da ake wa injin kansa ma ta fi ta man. Injin gas da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai sarai. Je ka duba gaɓar salansa: in ka ga wani baƙin ruwa mai maiƙo yana tsatsafowa, hayaƙi ya yi duhu, alamar ke nan. Daga nan nozul masu fesa mai cikin injin su toshe, ya fara shan baƙin mai. Maganin wucin gadi, a ɗora masa nauyi kashi 70 zuwa 80 na awa biyu ya ƙone dattin. Na dindindin, a sayi ƙaramin inji don dare, a bar babban don rana, lokacin da ɗakin taro da injin wanki da na busarwa da guga ke aiki tare.

Na biyu, awo. A sa mita a kan wayar da ke fitowa daga janareta, a buɗe littafi mai layi uku: awannin aiki, litar da aka sha, yunit ɗin da aka samu. A tsoma sanda a tanki safe da yamma, mutum biyu su sa hannu. Ranar da lita ta ba da ƙasa da yunit 2 da rabi a nauyi mai kyau, ko inji ba shi da lafiya ko wani na shan man tare da shi. Inda aka fi zuƙa shi ne siririn bututun da ke mayar da rarar mai cikin tanki, domin ana cire shi a sa a jarka inji na aiki ba wanda zai ji canji. A ɗaure shi da waya mai hatimi. In tanka ta kawo mai, a auna kafin da bayan juyewa, a shafa wa ƙasan sandar man nan na gwajin ruwa, in akwai ruwa zai sauya launi.

Sauran ba sa cin kuɗi sosai. Risefshan su cika hawa ɗaya kafin su buɗe wani, don a kashe wutar hawan da ba kowa. A bazara hawan ƙarshe shi za a sayar a ƙarshe, rufi na zuba masa zafi, AC ɗinsa ba ya hutawa. Hitar ruwan wanka 48 masu kilowat 1.5 in suka kama tare kilowat 72 ne, sun fi dukan AC ɗin dare; a sa musu agogo, su kama kafin Asuba zuwa 9 na safe, sai kuma bayan Magariba. Daga Maris zuwa Mayu ruwan tankin sama ma da ɗuminsa yake saukowa. In an ɗauke wuta aka juya zuwa inji, kada a tada hawa ukun lokaci guda, domin kwamfireson AC na jan ninkin-ba-ninkin wutarsa a lokacin tashi. A tada su ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowane AC jinkirin minti 3. Da hunturu a wanke ragar AC duk mako, a duba filtar iskar janareta, baƙin mai kuma duk awa 250.

Hajiya_Akanta:

Malam manaja, maganar Injiniya gaskiya ce, amma otal mai sayar da ɗaki 30 bai kamata ya rasa albashi ba ko da gas na tsada. Ciniki daban, kuɗin da ya shiga asusu daban. Ka ce kamfanoni da masu bita na cikin manyan baƙinka, to ni nan zan fara leƙawa.

Ka sa a fitar maka da jerin duk masu bashi, a kasa shi uku: wanda bai kai kwana 30 ba, wanda ke tsakanin 30 da 60, da wanda ya haura 60. In jimillar ta fi cinikin wata ɗaya, ka ga inda albashinka ya maƙale. Kai kana biyan gas da nama da kayan miya kuɗi hannu, su kuma suna biyanka bayan wata uku, jarinka ne ke musu aiki. Daga yanzu ba a buɗe wa kamfani bashi sai da yarjejeniya a rubuce, da iyakar kuɗin da ba za a wuce ba, da wa'adin kwana 30, da takardar oda kafin baƙo ya karɓi mabuɗi. Bita kuwa sai an ba da kafin alƙalami, rabi ko fiye, tunda abinci da ruwa da lemo duk kafin taro ake sayensu.

Yawancin jinkirin ma daga gida yake farawa. Takardar neman biya ta fita cikin kwana 2 da tashin baƙi, ɗauke da lambar odar, da lambar harajin otal, da sunan kamfanin daidai yadda yake a rajista, haɗe da takardun da baƙin suka sa wa hannu. Harafi ɗaya in ya kuskure za a dawo da ita, lissafin kwanaki ya koma farko. Ma'aikatun gwamnati suna cire VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da hidima, da harajin da ake yankewa tun daga tushe kafin su biya, saboda haka a bi sawun shaidar cirewar, in ba haka ba za ka biya sau biyu. Shi VAT ɗin, kashi 7.5, ba kuɗin otal ba ne, ajiya ce. A ware shi a asusu na daban duk mako, kada ranar 21 ga wata ta zo a tarar an sayi gas da shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ɗakin da aka kwana ciki amma ba a rubuta ba. Shugabar masu gyaran ɗaki ta zaga da ƙafarta, 8 na safe da 4 na yamma, ta rubuta halin kowane ɗaki ba tare da ta ga takardar risefshan ba. Wani na uku, wanda ba ya ƙarƙashin kowannensu, shi zai gwama takardun biyu. Zagayen yamma shi ke kama wanda aka ba ɗaki da hantsi ya fita kafin La'asar, kuɗin ya shige aljihu. Ƙidaya zanin gadon da ya je wanki: in an sayar da ɗaki 31 amma zani 36 ya sauko, a nemi bayanin biyar ɗin. Haka katin karin kumallo.

Kowane ma'aikacin risefshan da lambar sirrinsa a kwamfuta, ragi da soke rasit kuma sai da taka. POS da lambar asusu na otal kaɗai, a rubuta a manna a gaban tebur inda baƙo zai gani. Ba a karɓar hoton taransifa a waya a matsayin biya, sai kuɗi ya faɗo. Kuɗin da aka karɓa a kai banki cif-cif washegari, ba a zarar na cefane daga ciki. A kicin, mai zuwa kasuwa daban, mai karɓa ya auna daban. Kayan abinci in suka wuce kashi 35 cikin 100 na cinikin abinci, a buɗe sito a ƙirga.

Baba_Mai_Masauki:

Ɗana, a kan farashi kai da mai otal kowa na da rabin gaskiya. Kuskuren shi ne kuɗi ɗaya daga Litinin har Lahadi. A ce ɗakinka naira 40,000 ne, kana sayar da 32, ka sami 1,280,000. Ka mai da shi 44,000 a ranakun aiki, mutum biyu suka tafi, saura 30, ka sami 1,320,000, ga wutar ɗaki biyu da wankinsu sun huta. Sai ka rasa uku kafin ka dawo kusan inda kake. Wanda kamfani ke biya masa ba ya tashi saboda 4,000. Abin da ke korarsa: wuta ta ɗauke minti biyar inji bai tashi ba, intanet ya yanke yana tsakiyar taro, ruwan wanka na ɗiga, karin kumallo bai fito ba 6 da rabi alhali yana da jirgi a filin Malam Aminu Kano, ko ya tsaya jiran rasit mai sunan kamfaninsa.

Ƙarshen mako kada ka ƙara. Nemi masu biki, Juma'a da Asabar, ka haɗa musu ɗakuna goma da ɗakin taro a kuɗi ɗaya, a biya duka kafin ranar. Ragin kamfani kuma a ɗaure shi da yawan kwana a shekara, wanda bai cika alƙawari ba ya koma farashin kowa. Duk ragin da za a yi kada ya sauka ƙasa da lissafin da Injiniya ya ce ka fitar, haɗe da wanki, sabulu, ruwa da karin kumallo.

Ka kuma bi kalandar garin. Bayan kaka masu sayen amfanin gona na cika gari, ga baje kolin Kano a ƙarshen shekara, nan ba a ragi. Azumi kasuwa kan ja baya, musamman goman ƙarshe da manyan 'yan kasuwa ke tafiya Umara. Lokacin ne za a rufe hawa guda, a yi fenti, a gyara famfuna, ma'aikata su karɓi hutunsu. Zanin gado da tawul su zama saiti uku kowane gado: ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a wanki, ɗaya a sito. Mai saiti biyu dole ya kunna na'urar busarwa da gaggawa ko a kan janareta ne.

Manajan_Bompai:

Allah Ya saka da alheri. Hajiya, gobe zan sa a fitar da jerin bashin. Injiniya, mai otal na maganar sola maimakon ƙaramin inji. Za ta ɗauki AC ɗin dare?

Injiniya_Sharaɗa:

Za ta ɗauka in an zuba kuɗin, amma duba lissafin: kilowat 36 na awa 8 ya doshi yunit 290 da batir zai riƙe, ban da rarar da ake bari don kada a tatse shi ƙarƙaf. Kuɗin wannan batirin ya ninka na ƙaramin inji. Fara da abin da sola ta fi iyawa. Da rana ta ja famfon bohol ta cika tankuna, ta rage nauyin wanki da ofis. Ƙaramin batir da inbata kuma su riƙe fitilun baranda, na'urar intanet, kwamfutar risefshan, kyamarori da fitila ɗaya da soket ɗaya a kowane ɗaki, a kan layi na daban da na AC da hita, don baƙo kada ya zauna cikin duhu kafin inji ya tashi. Kafin a kira mai sola, a bar mitar nan ta yi kwana 30 tana aiki, ana rubuta nauyi duk awa, dare da rana. Da wannan takardar za a auna girman farantan sola da na inji, kuma a sa wankin farantan duk mako a aikin hunturu.