Rami a zuciyar jariri: a toshe ta jijiya ko a buɗe ƙirji?

Baban Auta: Assalamu alaikum jama'a. Raina a jagule yake. 'Yar ƙanwata, watanta 4, nauyinta kilo 4 da rabi. An yi mata hoton zuciya, aka ce akwai rami a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya, wanda likitoci ke ce wa VSD, kuma wai sai an buɗe ƙirji. Alhali yanzu ta jijiyar cinya ake zura siririn bututu, a kai ɗan marfi a toshe ramin, kwana biyu a sallame ka. Tsaga ƙirjin jariri ai tsohon yayi ne. Ni dai na ce kuɗi ake nema.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Ina bayanka, Alhaji. Nawa ɗan ta jijiya aka yi masa a Indiya, ko ɗinki babu. Asfirin ya sha na wata 6, yanzu ƙwallo yake bugawa.

Likitan Yara: Hajiya, shekarunsa nawa a lokacin? Kuma a ina ramin yake?

Maman 'Yan Biyu: Shekara 4, kilo 15. Sun ce can cikin tsokar bangon yake.

Likitan Yara: To kin ga inda aka rabu. Ramin cikin tsoka yana da nama kewaye da shi, marfin ya samu wurin kamawa. Amma yawancin ramukan can sama suke, inda bangon ya yi siriri, dab da bawul ɗin babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya. A gefen wannan ramin ne kuma zaren da ke kai saƙon bugun zuciya daga sama zuwa ƙasa ya ratsa. Marfin nan saƙar waya ce ta nikel da titaniyam, fayafayai biyu da ƙugu a tsakiya, yana buɗewa ya matse bango. In ya danne zaren, bugun zuciya sai ya yi ƙasa sosai, har yaro ya buƙaci a dasa masa na'urar daidaita bugu ta zauna masa har abada. Abin da ya fi tayar min da hankali, wannan matsala ba lallai ta bayyana a asibiti ba, tana iya zuwa bayan watanni ko shekaru, yaro yana gida. A rahoton asibitocin Turai na 2007, kusan 5 cikin 100 na masu ramin sama sun gamu da ita. A tiyata kuwa kamar 1 cikin 100 ne.

Baban Auta: Likita, 2007 fa ka ce. Shekara nawa ke nan? Ai an ci gaba.

Likitan Yara: An ci gaba, wannan gaskiyarka ce. Sababbin marafan sun fi laushi, matsalar ta ragu ƙwarai. Amma jijiyar jaririya mai kilo 4 da rabi ba ta ƙara faɗi ba saboda an ci gaba. Bututun na iya toshe ta, wayar da ake ratsawa da ita cikin zuciya na iya yaga bawul. Toshewa ta jijiya ma ba sabon abu ba ne, James Lock ya ba da rahotonta a Boston tun 1988. Tiyatar kuma tun 1954 Walton Lillehei ya fara ta a Minesota, an yi shekara 70 ana goge ta.

Sista: Likita, da izininka. Ka bar hanya ta uku. Ana ɗan tsaga ƙasan ƙirji kaɗan, a huda zuciya kai tsaye tana bugawa, a sa marfin ana kallo ta na'urar hoton zuciya ta eko, ba a haɗa yaro da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu. A China sun yi wa jarirai masu yawa haka. Don haka ban yarda a ce ƙaramin nauyi ya rufe ƙofar marfi ba.

Likitan Yara: Na karɓa, Sista. Ta kauce wa matsalar jijiyar cinya. Sai dai marfin yana nan kusa da zaren bugu in ramin na sama ne, kuma sai an samu likitan tiyata da na eko da hannunsu ya faɗa da ita.

Hajiya Kaka: 'Ya'yana, me ya sa ba za a jira ba? Jikana an ce yana da shi, kafin ya shekara 2 ya rufe da kansa, ko allura ba a yi masa ba.

Likitan Yara: Mama, ƙananan ramuka da yawa haka suke rufewa, shi ya sa ba kowane muke taɓawa ba. Alhaji, yaya take shan nono?

Baban Auta: Tana kamawa ta saki, gumi ya jiƙa mata goshi, numfashi sama-sama. Tun wata 2 ba ta ƙara wani nauyin kirki ba, ga Lasix, maganin rage ruwa a jiki, tana sha.

Likitan Yara: To wannan babban rami ne, jini yana kwarara huhu fiye da kima. In aka daɗe, jijiyoyin huhu za su taurare, jinin ya juya baya, leɓe ya yi shuɗi, a lokacin kuma rufe ramin ma cutarwa ne. Don Allah kada a ce sai ta girma ta kai nauyin marfi.

Maman 'Yan Biyu: Batun kuɗi ma, Alhaji, marfin ba araha ba ne. Mu sai da muka sayar da fili.

Baban Auta: Na ji, amma zuciyata ba ta kwanta da buɗe ƙirjin nan ba. Zan nemi wani likitan ya sake duba hoton.

Sista: Haƙƙinku ne, amma a cikin makon nan. Ku tambaye shi faɗin ramin milimita nawa ne, tazararsa da bawul nawa ce, kuma jarirai 'yan ƙasa da kilo 5 nawa ya taɓa sa wa marfi da hannunsa.

Baban Auta: Na rubuta. Gobe da asuba zan kira mahaifinta.